Ranar da Yaya Ta Kira Sunana

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana bayan wannan ciwo. Sista Rifkatu ce ta matsa mini in rubuta wannan, ta ce tunda bakina ba ya son aiki, to hannuna ya yi. Na rubuta ne domin 'yan uwanmu da ke Washington da kewaye. Mu da muka zo ƙasar nan a shekarun nan na 1980 ba mu da yawa, kuma wata rana wani cikinmu zai tsaya tsakanin tsohuwarsa da likitan da ba ya jin Hausa, kamar yadda na tsaya.

Sunana Lawal. Daga Malumfashi na zo karatun tarihi a wata jami'a da ke cikin birnin, ina kuma ɗan aikin jera littattafai a laburarenta. Ni ne ɗan fari a ɗakinmu. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni, a hannunta na girma. Mahaifiyata kuwa Yaya nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna kiranta. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son wani abu a wurina sai ta dubi wani ta ce, "Ce wa yaron nan." In na gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wuri. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba. Haka uwa take da ɗan fari a wajenmu, ni ma haka nake jin nauyinta.

Ƙanenta Kawu Garba injiniya ne, yana da gida a Bowie, wani gari da ke bayan birnin. Matarsa Loretta baƙar fata ce 'yar ƙasar nan, malamar firamare. Da ta haihu, Kawu ya ce ba za a bar matarsa babu wankan jego ba, ya aika wa Yaya tikiti. Ta iso da gero da kanwa da daddawa a ƙullin zane, har yau ba mu san yadda ta wuce da su a filin jirgi ba. Sunan Loretta ya yi mata wuya, ta mai da ita Laraba. Kullum da safe ana jin ihun Loretta daga banɗaki saboda zafin ruwa, Yaya tana cewa, "Daure Laraba, wata rana za ki gode mini." Babu mai jin yaren wani, amma suka shaƙu.

Loretta ce ta fara lura. Wata Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa ƙarshen layi, ta zo ɗaukata a mota, tun kafin in rufe ƙofa ta ce, "Mahaifiyarka ba ta cin abinci. Tana dama mini kunu kofi guda, ita ta sha cokali biyu ta ajiye. In ta hau bene sai ta tsaya a tsakiya tana haki. Ka dubi tafin hannunta, fari fat."

Na duba a sace lokacin da take miƙo mini ruwa. Gaskiya ne. Zanenta ma sai ta yi masa ɗauri biyu yake zama.

Shawarwari suka fara zuwa. Kawu ya ce sauyin abinci ne. Wani abokinsa ɗan Zariya ya ce basir ne, wai ba shi da wata shakka, a nemi tafarnuwa. Daga gida aka aiko da kaset, a ciki gwaggona tana cewa sanyin Turawa ne ya shige ta, a ba ta zuma, kuma an sa malamai suna yi. Yaya da kanta jiƙon kanwa take sha. In an tambaye ta, amsa ɗaya ce: "Da sauƙi."

Ba ta da inshorar lafiya, baƙuwa ce. Don haka asibitin da ake kai marasa inshora muka nufa. Kawu a lokacin aiki ya kai shi wata jiha, sai ƙarshen mako yake dawowa, Loretta ba ta jin Hausa, saboda haka aikin tafinta ya faɗo kaina. Mukan isa da sassafe mu zauna a kan kujerun roba har azahar ta wuce. Na dubi layin nan sau da yawa. Kusan duk baƙar fata ne, sai masu jin Sifaniyanci, sai tsofaffin Turawa ɗaiɗai.

Likitan farko matashi ne, gajiya ta cika masa ido. Ya tambayi daga ina take, na ce Nijeriya. Ya gyaɗa kai kamar an ba shi amsar komai. Ya tambayi yadda take ji. Na juya ban dube ta ba na ce, "Wai yaya jikin?" Ta ce wa bango, "Da sauƙi. Ɗan ciwon ciki ne." Haka na fassara. Ya tambayi yadda bayan gidanta yake. Na ce, "Wai ko akwai wata matsala wajen zagayawa?" Ta ce, "Babu." Aka ɗebi jini aka ga ya yi ƙasa sosai. Likita ya ce mutanen Afirka suna yawan zuwa da tsutsar ciki, ita ke shan jini. Ya rubuta maganin tsutsa da ƙwayar ƙarin jini, ya miƙe, muka miƙe muna godiya.

Bayan 'yan makonni muka koma, ba ta ƙaru da komai ba sai rama. Wani likitan daban muka tarar. Gwaji bai nuna tsutsa ba, sai ya ce to gyambon ciki ne, a rage yaji. Ya ƙara wani magani fari mai kauri. Shi ma ya miƙe, muka miƙe muna godiya.

A makon da ganyen itatuwa suka gama zubewa Sista Rifkatu ta zo barka. Mutuniyar Jos ce, nas a wani asibiti a Beltsville, ita da mijinta sun daɗe da sanin Kawu. Mace ce mai baki, ni dai Malam Shiru take ce mini. Ta ɗauki jaririya ta yi mata wasa, sannan ta ƙura wa Yaya ido, ta ce, "Mama, zo mu shiga ciki ki nuna mini zannuwan da kika zo da su." Suka daɗe. Da ta fito fuskarta babu dariya. Ta ja ni kicin, ta kira Loretta.

"Malam Shiru, me kake gaya wa likitocin nan?"

"Abin da ta faɗa."

"Me ta faɗa?"

"Da sauƙi."

Ta tafa hannu. "Ikon Allah! Ita tana jin kunyarka, kai kana jin kunyarta, likita yana sauri. To wa zai yi maganar? Bayan gidanta baƙi ne ƙirin. In ta ci abinci cikinta murɗawa yake har sai ta yi amai, tana kunna famfo don kada ku ji. Jini ne yake zuba a wani wuri a ciki, ka gane? Wannan ba basir ba ne."

Na roƙe ta ta raka mu. Ta ce za ta so, amma aikin safe take yi, kuma ba zuwa ɗaya ba ne. "Ko na je yau, gobe fa? Kai ne ɗanta. Na gaya mata ita ma, na ce Mama, kunya ta ƙare a ƙofar likita. Sai ta kau da kai."

Da Rifkatu ta maimaita wa Loretta da Turanci, sai Loretta ta zauna a kujerar kicin. Ta ba mu labarin mahaifinta, direban bas ne a birnin nan. Ya yi ta zuwa asibiti da ciwon ciki ana ba shi maganin gyambo, ana ce masa ya rage soye-soye. Ranar da aka buɗe shi, an tarar ciwon daji ya gama da hanjinsa, aka rufe kawai. Ta ce, "Shi ba kunya ce ta hana shi ba, ya faɗa musu komai. Ba su duba ba ne." Sannan ta kama hannuna. "Na lura da kai. Da likita ya miƙe kai ma kake miƙewa. Kada ka tashi. In ka tashi an gama. Ka zauna a kujerar nan har sai ya rubuta a ɗauki hoton cikinta."

Wannan ya fi mini wuya fiye da yadda take zato. An tarbiyyantar da mu in babba ko mai ilimi ya miƙe, kai ma ka miƙe ka yi godiya. Ni ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba. A makon nan na ɗauko littattafan likitanci a laburare na yi ta duba hoton hanji, na koyi sunayen abubuwan da Turanci, ina maimaita su a cikin bas kamar mai hadda.

Ranar komawa muka sake samun matashin nan na farko. Na tattaro ƙarfina na ce masa bayan gidanta baƙi ne. Na faɗa da Turanci, Yaya ba ta ji ba. Ya yi ɗan murmushi ya ce ai ƙwayar ƙarin jinin da ya ba ta ce, haka take mai da shi baƙi, kowa ya sani. Ya ce a ci gaba da magani, a dawo bayan wata biyu. Ya rufe fayil ya miƙe.

Na ji ƙafafuna suna shirin ɗaga ni. Bayaninsa ya shiga hankali, ba ni da abin da zan ce. Na riƙe gefen kujera da hannu biyu ban tashi ba. Yaya da ta riga ta fara gyara mayafi ta ga ban motsa ba, ta ce wa bango, "Me ya ce?"

Na ce, "Wai ƙwayarsa ce take sa abin ya yi baƙi."

Wannan ne karo na farko da ta san na sani. Ta ja mayafinta ya rufe rabin fuskarta. Na ɗauka shi ke nan, za ta ce mu tafi. Sai na ji ta ce:

"Lawal."

Na ɗaga kai. Ni take kallo.

"Lawal, gaya masa tun kafin ƙwayarsa ne. Tun ina gida, tun kafin azumi. Gaya masa baƙi ne mai danƙo, warinsa ba irin na kullum ba. In na ci abinci wani abu yana tasowa a nan kamar dunƙulen hannu, yana kuka, ba ya kwanciya sai na yi amai. Kada ka rage ko ɗaya. Yadda na faɗa haka za ka faɗa."

Haka na faɗa. Ban rage ko ɗaya ba. Da na gama sai na ƙara nawa, na ce muna roƙon a ɗauki hoton cikinta, kuma za mu jira a nan har a rubuta. Ban ɗaga murya ba, ban ma iya ba. Likita ya tsaya da hannunsa a kan ƙofa, ya dube ni, ya dube ta. Ya dawo ya zauna. Ya sa ta kwanta ya danna cikin a hankali, abin da ba a yi da kyau ba a zuwan baya. Ya yi tambayoyi da yawa, tana amsawa ina juyawa, har abin ya daina yi mini nauyi a baki.

Ina da ƙorafi a kan likitan nan, ina kuma da godiya. Ƙorafina shi ne daga jin sunan ƙasarmu ya yanke hukunci, ya sallame mu da maganin tsutsa. Godiyata ita ce da ya zauna, ya zauna da gaske. Aka duba tumbi, babu komai. Aka duba babban hanji, babu komai. Kawu har ya fara murna, amma likitan ya ce saura tsakiya, ƙaramin hanji. Maganarsa ta zauna mini: "Wuri ne da ba mu cika dubawa ba, domin ciwo ba ya yawan zama a can." Aka ba Yaya wani farin ruwa mai kauri kamar alli ta sha, aka yi ta ɗaukar hoto yana gangarawa. A wani lungu ya maƙale. Nan aka ga wani ƙari ya tsiro a hanjin.

Kawu ya ce kada a gaya mata sunan ciwon, a ce ƙari ne kawai za a cire. Ban yi masa musu ba. Amma a mota ita da kanta ta tambaye ni, kai tsaye, "Ciwon daji ne?" Na ce suna zaton haka. Ta ce, "To. Allah ya san da shi. Yaushe za su yanka?" Kawu ne ya yi hawaye, ba ita ba.

Maganar kuɗi ba zan tsawaita ba, nauyi ne babba. Kawu ya ɗauki abin da zai iya. 'Yan uwa suka haɗa bayan sallar Juma'a. Rifkatu ta kai maganar cocinsu, mutanen Jos da Kafanchan da ba su taɓa ganin Yaya ba suka aiko da nasu. Allah ya saka wa kowa.

Likitan da ya yi aikin dattijo ne baƙar fata, mai furfura da sanyin magana. Ya yanke wurin da ƙarin yake ya haɗa sauran. Da ya fito ya ce bai kai hanta ba, an same shi da sauran lokaci, amma ba da yawa ba. Na tambaye shi ko yana yawan ganin irin wannan. Ya ce a'a, ciwo ne da ba kasafai ake samu ba. Sai ya ƙara da cewa cikin 'yan kaɗan ɗin da suka biyo ta hannunsa, baƙar fata sun fi iso masa bayan abin ya yaɗu, kuma su ya fi rasawa. "Wasu suna cewa a jini yake, ni ban sani ba. Abin da na sani, yawancinsu sun je wurin likita ba sau ɗaya ba, aka mai da su gida."

Daga baya a ɗakin jiransa na haɗu da wata Baturiya da ta kawo mijinta, shi ma irin aikin Yaya aka yi masa. Mutanen kirki ne, har ta ba Yaya alewa. Ta ce mini likitan gidansu yana ganin jinin mijin ya yi ƙasa ya tura shi hoto tun watan bai ƙare ba, bai ma jira wani ciwo ba. Na taya su murna da zuciya ɗaya. Amma a hanyar gida na yi ta tuna watannin da muka yi muna shan maganin tsutsa. Ni ba likita ba ne, ba zan kawo adadi ba. Abin da idona ya gani ke nan.

Kwanakin asibiti sun yi tsawo. An sa mata roba ta hanci, ba ci ba sha. Da rana ina zaune gefenta da littafina, in Loretta ta zo sai in fita. Loretta ce take goge mata jiki, kuma da gangan take sa ruwan ya yi zafi, tana cewa da 'yar Hausar da ta koya, "Daure, Yaya." Yaya tana riƙe ɗinki tana dariya tana cewa, "Laraba, ramuwa kike yi ko?"

Kowace safiya dattijon likitan nan zai shigo da tambaya guda: ko iska ta fita? Wai sai ta fita za a san hanji ya farka, sannan a ba ta abinci. Ni ne mai isar da wannan tambaya ga mahaifiyata, kullum, a gaban nas biyu. Da Rifkatu ta ji sai da ta dafa bango don dariya. "Malam Shiru, ka zo Amirka karatun tarihi, ga inda tarihi ya kawo ka!" Safiyar da abin ya faru, tun likita bai buɗe baki ba Yaya ta ce, "Lawal, gaya masa an yi. A kawo mini kunu." Likita ya ɗaga hannu sama kamar an ci ƙwallo.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. In tsohonka ko tsohuwarka tana ramewa, jini yana ƙasa, kada ka yarda da "da sauƙi". Nemi wadda za ta iya shiga ɗaki da ita ta tambaya. In an ce tsutsa ce ko gyambo, aka sha magani babu canji, ka koma ka ce a duba ciki. Ka gaya wa likita lokacin da kowane abu ya fara. Shirunmu yana cutar da mu, saurinsu a kanmu yana cutar da mu, in biyun suka haɗu mutum tafiya yake. Kuma in likita ya miƙe ba ka gamsu ba, zauna. Ba rashin ladabi ba ne.

Ina alfahari da Loretta da Rifkatu. Ina ɗan alfahari da kaina, ba zan ɓoye ba, domin na san abin da kujerar nan ta ci mini. Amma abin da na yi bai kai na Yaya ba. Shekara ashirin da wani abu tana riƙe da sunana a ciki, ta fito da shi a ɗakin baƙo, ta ɗora masa maganar da ko ƙawarta ba ta gaya wa ba, domin ta ga ɗanta ya ƙi tashi kuma ba shi da abin faɗa.

Duk tsawon sanyin nan Lawal take ce mini. Lawal miƙo ruwa, Lawal me likita ya ce. Har na saba da jin sunana a bakinta. Da ɗumi ya fara shigowa aka sake hoto, likita ya ce bai ga komai ba, ta iya komawa gida, a riƙa duba ta a Kano. Kumatunta sun dawo, tana hawa bene da jaririya a baya.

Ana saura kwana kaɗan ta tafi muka taru cin abinci a gidan Kawu, har da Rifkatu da mijinta. Yaya ce ta tuƙa tuwon da kanta. Ina zaune daf da ita, tsakaninmu bai fi kamu ɗaya ba. Ta dubi kwanona, ta kau da kai, ta ce wa Kawu, "Garba, ce wa yaron nan ya ƙara tuwo. Dubi wuyansa."

Loretta ta ji babu sunana a ciki. Ta dube ni da damuwa ta ce, "Me ya faru? Kun ɓata ne?"

Rifkatu ta ajiye cokali tana dariya. Ta ce mata, "Ba su ɓata ba. Mama ta warke."

Na miƙa kwanona aka ƙara mini.